Lambar Lawali

Hayyul Ashir, Madinat Nasr, Alƙahira
3 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Malam Munir, jikan Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Sallama haƙƙin Musulmi ce, shi ya sa na yi maka ita. Ina fatan matarka da yara suna lafiya, don su ba su yi mana komai ba.

Ni ce Rakiya 'yar Sabuwa. Ba na tsammanin ka manta da ni, tunda gidanmu yana kallon naku a Bur Sudan, kuma na sha goyonka kana majina. Na bar wannan takarda a shagon Tagwa mai turare a Ataba, inda aka ce matarka take sayayya. Kada ka nemi lambar wayata. Kunnen Inna ya yi nauyi, ba ta jin waya, takarda kuwa ana iya karanta mata sau goma. Ni ma ina son duk abin da za ka faɗa ya zauna a rubuce, don na ga bakinka da santsi.

Ranar Juma'a muna wurin taron zumuncin Hausawan Sudan. Ka hau mumbari da rigarka mai guga, ka ba da tarihin kakanninmu da suka yi dako a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan lokacin yaƙin Hitila. Ka faɗi jiragen da suka zo da sojojin Indiya da alfadarai, mutane suna ta tafi. Ban ƙi ba, ka iya magana. Sai ka sa hannu a aljihu ka zaro lambar tagulla, ka ɗaga ta sama, ka ce wai ta kakanka Ɗanjuma ce, da ita ya yi aikin tasha. Ka karanta abin da ke jikinta da ƙarfi: ɗari huɗu da goma sha bakwai.

Malam Munir, tsohuwar da ke kan keken guragu a layin gaba, wadda ka wuce ko gaisuwa babu, Inna ce, kuma a bayan ƙofar da aka rubuta wa wannan lamba ta girma. Lambar ubanta ce, Lawali. Kamfanin tasha yakan rubuta lambar ɗan dako a ƙofar ɗakin da ya ba shi, kuma da kakata Maimuna ta tashi daga ɗakin, da ƙofar ta tafi. Inna tana jin lambar ta kama hannuna har farcenta ya shige ni. Tun daga ranar ba ta ci abin kirki ba.

A unguwa kowa ya san Ɗanjuma ne ya zuga Lawali ya bi jirgi ya gudu, ya bar mace da ciki, shi kuma ya riƙe lambar yana karɓar rabon dawar da ake ba mai ita. Mun yi shiru shekara da shekaru don zaman maƙwabtaka. Yanzu kuma ka ɗauko kayan sata kana ado da shi a gaban mai kaya.

Ka sa lambar a ambulan, ka bar ta wurin Tagwa. Ba roƙo nake ba.

Wassalam,
Rakiya

*

Hada'iƙul Ma'adi, Alƙahira
9 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi wa Inna Sabuwa fatan samun sauƙi. Wallahi ban gane ta ba a wurin taron, rabona da ita tun kafin ku koma Khartoum. Ki ba ta haƙuri a madadina.

Na karanta takardarki, kuma kalmar sata ta yi mini ciwo. Ni malamin tarihi ne, shekara ashirin ina koyarwa, kuma na saba in ga mutane sun ɗauki tsegumin bakin rijiya sun mai da shi hujja. Ki bari in gaya miki wane ne mutumin da kike zagi.

Kakanninmu sun baro Kano da Haɗeja a ƙasa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin Bahar Maliya, suka tsaya neman na jirgi. Ana haka yaƙi ya zo. Tashar da a da sai ta yi kwana uku ba jirgi ta koma jirage suna layi a waje. Aka raba 'yan dako gungu-gungu. Kowa da lambar tagulla, da safe ya jefa ta a akwatin akawu a bakin ƙofa, da yamma ya karɓa. Lambar ita ce ɗakinka, ita ce dawar iyalinka. Suna sauke tayoyi, da gangunan mai, da akwatunan harsashi waɗanda in ɗaya ya suɓuce sai dai a tsinci mutum. Ƙarfen jirgi a rana yakan saɓule fatar tafin ƙafa, sai su naɗe ƙafa da tsumman buhu. Alfadarai kuwa a raga ake ɗago su, suna harbin iska a saman kawunan mutane. Mata a unguwa suna haɗa tukunya ɗaya, su aika da kunu har bakin ƙofar tasha. Gidajen da muka girma a ciki ma da katakon akwatunan motocin soja aka gina su, kin tuna rubutun Turanci a bangon ɗakinku.

A cikin wannan wahala gungun kakana ya yi suna. Su goma sha ɗaya ne, amma shekara uku cur ba a taɓa samun su a baya ba, ko na yini ɗaya. Wannan shi ne Ɗanjuman da kike kira ɓarawo. Shi ne kuma wanda yake ɗaukar buhun dawa a kansa duk ranar Alhamis ya kai ƙofar kakarki. Ki tambayi Inna, ta ga wannan da idonta.

Game da lamba, da hannunsa ya ba ni ita kwana biyu kafin ya rasu, a 1997. Da yaƙin nan na yanzu ya kore mu, na bar littattafaina duka a Omdurman, ita kaɗai na ɗauko. Ina rubuta littafi a kan mutanenmu na tasha, hotonta ne zai hau bango. Ba zan iya sa ta a ambulan kamar ƙwayar magani ba. In Inna tana son ganinta, zan iya aiko mata da hoto mai kyau.

Ina roƙon ki sassauta harshe. Mu duka baƙi ne a ƙasar mutane.

Naki da girmamawa,
Munir

*

Hayyul Ashir
14 ga Nuwamba, 2024

Malam Munir,

Salamu alaikum. Ni ba yayarka ba ce, ka ajiye wannan.

Hoto! Ka ci naman, ka aiko mana da ƙamshi. Na karanta wa Inna takardarka, da na zo wurin hoton nan sai da na tsaya na sha ruwa, don kada in faɗi abin da zan yi istigfari a kai. Kuma wa ya tambaye ka darasi? Na san alfadarai, na san katako. A cikin katakon nan aka haife ni, ba a littafi na gan shi ba.

Tunda kai malamin tarihi ne, ga wani tarihin da ba zai hau bangon littafinka ba. Inna tana yarinya, duk jirgin da ya yi kuka a tasha sai yaran unguwa su bi ta suna cewa, “'Yar jirgi, ga babanki ya dawo!” Ita kuma sai ta ruga bakin ruwa, don yarinya ce, ta ɗauka gaskiya ne. Sai da ta kai shekara tara ta daina gudun. Da za a aurar da ita, dangin Babana suka ce a yi hattara, jinin masu gudu ne. Ta haifi maza huɗu, ko ɗaya ba ta yarda an sa masa Lawali ba. Ta je hajji sau biyu, ta yi wa kowa addu'a har maƙwabtan da suka cuce ta, ban da ubanta. Na taɓa ce mata, “Inna, ko Fatiha ɗaya?” Ta ce, “Wanda ya ga cikin uwata ya zaɓi jirgi, jirgin ya yi masa Fatiha.” Mace mai tsoron Allah irin Inna, ka san nauyin da take ɗauke da shi kafin ta faɗi haka.

Buhun Alhamis da kake taƙama da shi, na tambaye ta. Ta ce ƙwarai ta tuna. Ta kuma tuna cewa uwarta ba ta taɓa ce masa an gode ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Yana sallama sai ta juya baya, ya ajiye ya tafi. Mace ba ta yi wa mai alheri haka. Ɓarawon da ya dawo maka da ƙafar akuyarka ake yi wa haka.

Ga halin da ake ciki, don kada ka ce ba a faɗa maka ba. Inna tana da shekara tamanin da uku. Zuciyarta ta kumbura, likita ya ce mu kai ta gida mu kyautata mata, ka san ma'anar wannan. Sanyin garin nan yana shiga ƙashinta. Muna hawa na biyar, na'urar hawa ta lalace tun bara, sai 'yan'uwana sun ɗauko ta a kujera. Ba ta neman komai a duniya yanzu, ko komawa gida ta daina ambata. Abu ɗaya take maimaitawa: a kawo mata lambar, a kai ta kan gada, ta jefa ta cikin Nilu da hannunta. Ta ce ruwa ya tafi da shi, ruwa ya tafi da saura, ta huta kafin ta mutu.

Kai kana son bangon littafi, ita tana son ta mutu da zuciya a wanke. Ka auna da kanka, in kana da ma'auni.

Wassalam,
Rakiya

*

Hada'iƙul Ma'adi
18 ga Nuwamba, 2024

Hajiya Rakiya,

Wa alaikumus salam. Tunda kin ƙi yayar, na janye.

Na yi baƙin cikin jin halin Inna, Allah ya ba ta sauƙi. Amma ba zan ba da wannan lamba a jefa a ruwa ba, ko da duk Hausawan Alƙahira za su taru a ƙofata. Kuma na ji kin fara tara su. Jiya bayan sallar la'asar dattawa biyu suka tare ni a ƙofar masallaci, wai an ce na ƙwace gadon tsohuwa. Matata ta je Ataba, Tagwa ta miƙo mata takardarki ba tare da ta amsa gaisuwarta ba. A makarantar da nake koyarwa har an fara yi mini kallon gefe. Idan haka kike neman abu, to ba ki iya nema ba.

Kin yanke wa mamaci hukunci da abin da yara suka rera a titi. Ba ki san komai ba a kan abin da ya faru a tashar nan, Inna ma ba ta sani ba. Akwai abin da barinsa a rufe ya fi alheri ga kowa, har da ku. Ki bar tsohuwa ta huta, ki daina karanta mata abin da zai tayar mata da ciwo. In wani abu ya same ta, ba takarduna ba ne sanadi, bakinki ne.

Wannan ce amsata ta ƙarshe. Khalas, an gama.

Munir

*

Hayyul Ashir
22 ga Nuwamba, 2024

Malam Munir,

Salamu alaikum. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ban tara maka kowa ba, mutane suna da idanu, sun ga yadda aka fitar da tsohuwa daga taro.

Ban yi niyyar sake rubuto maka ba. Inna ce ta sa. Daren Talata numfashinta ya sarƙe, muka kwana biyu a asibiti. Da muka dawo ta ce in ɗauko takardarka ta farko in sake karantawa. Na ce, “Inna, me za ki ji a ciki ban da alfadarai?” Ta ce in karanta dai. Da na zo inda kake yabon gungun kakanka, ta ɗaga hannu ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, “Goma sha ɗaya ya ce?”

Ta ce in gaya maka ita 'yar tasha ce, mijinta ma ɗan dako ne. Kowane gungu mutum goma sha biyu ne, shida a cikin jirgi, shida a kan tudu. In mutum ya bar aiki yau, gobe akawu ya cike gurbinsa, don masu neman lamba sun fi ƙudaje yawa a bakin ƙofa. Ba a barin gurbi ya kwana, balle shekara uku, balle lokacin yaƙi. In da Lawali ya bi jirgi kamar yadda aka ce, da an sa wani a wurinsa, kuma da an kori uwarta daga ɗakin kamfani a makon. Amma a ɗakin aka haife ta, a ciki ta yi rarrafe, a ciki ta fara tafiya.

Ga tambayarta, da bakinta, ban ƙara ko wasali ba: “Munir, ɗan Husseina, na yi wa uwarka wankan jegonka da hannuna. Ina na goma sha biyun yake a shekara ukun nan?”

Ka ce akwai abin da ba mu sani ba. To mai abin tana tambaya. Likita bai ba mu watanni ba. In ka ga dama ka sake cewa khalas.

Rakiya

*

Hada'iƙul Ma'adi
27 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Inna Sabuwa, ta hannun Rakiya,

Assalamu alaikum, Inna. Ina durƙushe nake gaishe ki. Rakiya, ki karanta mata a hankali, kada ki tsallake komai, har wuraren da suka shafe ni.

Inna, mahaifinki bai bi jirgi ba. Ya rasu a cikin tasha, a bazarar 1941, kina da wata uku a ciki.

Ranar suna sauke akwatunan injin mota daga wani babban jirgi. Lawali yana kan tudu yana karɓa. Kakana Ɗanjuma yana cikin jirgi, shi ne mai ɗaura igiya kafin a ɗaga kaya. Ana ta yi musu tsawa su yi sauri don wasu jiragen suna jira. Ya ga igiyar ta fara cin jiki, ya ce a ransa za ta kai wannan ɗaya. Ba ta kai ba. Akwatin ya sauko a kan mahaifinki, ko shurawa bai yi ba.

Dokar kamfani ita ce, ɗan dako in ya mutu a karɓe lambarsa, iyalinsa su bar ɗaki cikin mako guda, dawa ta tsaya. Su goma sha ɗayan suka dubi juna a bayan tarin buhuna. Ba Bature a kusa. Suka goge masa jini, suka naɗa masa rawani ya rufe rabin fuska. Kakana ya rataya hannunsa ɗaya a wuyansa, wani ya rataya ɗayan, suka fito da shi ta ƙofa a tsaye, kamar wanda rana ta buga. Kakana ya ce har magana yake yi masa a gaban akawu, yana cewa, “Lawali, ai na hana ka aiki ba karin kumallo.” Akawu ya yi dariya ya miƙo lambobinsu.

Suka yi masa wanka a ɗakin mahaifiyarki. Su goma sha ɗaya suka sallace shi, suka rufe shi a maƙabartar alhazai da ke bayan unguwa, cikin kaburburan baƙin da ba a san sunansu ba. Daga ranar kakana yake jefa lamba biyu a akwatin akawu kowace safiya, su goma sha ɗaya suna ɗaukar kayan mutum goma sha biyu. Dawar Alhamis ba sadaka ba ce, Inna, rabon mahaifinki ne. A unguwa suka ce yana kwana a tasha saboda yawan aiki. Mahaifiyarki ta yi takaba a ɓoye. Tana wanke rigunansa tana shanyawa a waje don a gani, ba ta da ikon yin kuka da ƙarfi.

Da jirage suka ragu aka fara tantance 'yan dako da fuska. In suka ce ya mutu tun shekara uku, duk kurkuku za su. Sai suka ce ya bi jirgi, tun da daɗewa. Buhun Alhamis kuwa kakana ya ci gaba da kai shi daga nasa rabon. Kafin nan sun gina wa mahaifiyarki ɗakin katako. Suka dafa Alƙur'ani, har da ita, cewa ba mai faɗa sai in mutum ɗaya ya rage a cikinsu. Mahaifiyarki ta rasu saura mutum uku a raye. Ta ga ana kiranki 'yar jirgi, rantsuwa ta ɗaure mata baki. Kuma ta san wanda ya ɗaura igiyar, shi ya sa ba ta taɓa duban fuskarsa ba. Rakiya ta yi gaskiya a nan. Kakana da kansa ya ce mini, rufin asirin ya ceci ɗakinku, amma ya ceci wuyansa shi ma, kuma har ya tsufa bai san wanne ya fi sa shi yin shiru ba.

Saura nawa laifin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kakana ne na ƙarshe da ya rage. Ya yi shekara huɗu shi kaɗai yana cewa gobe zai je wurinki, bai iya ba. Da ya ga mutuwa, ya kira ni, ina da shekara goma sha tara, ya faɗa mini duk wannan, ya sa lambar a hannuna. Ya ce, “Ka kai wa Sabuwa. Ka ce mata ubanta bai guje ta ba.” Gidanku yana kallon namu, taku ashirin ne. Na ji kunyar in tsaya a gabanki in ce kakana ne sanadi. Na ce sai an yi bakwai, na ce sai an yi arba'in, sai kuka koma Khartoum, na ce nisa ne ya hana. Da shekaru suka tafi sai na fara ba da labarin yadda ya fi mini daɗi, har na kai ga ɗaga lambar a gaban jama'a ina cewa tamu ce. Na ce ban gane ki a taron ba. Ƙarya na yi, na gane ki, shi ya sa na wuce da sauri.

Lambar tana cikin wannan ambulan, na naɗe ta a hankici. Taki ce. In kin ga dama ki jefa ta a Nilu, ba ni da bakin magana. Ban cancanci in ce ki yafe ba, amma ina roƙo.

Ɗanki mai laifi,
Munir

*

Hayyul Ashir
1 ga Disamba, 2024

Munir,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso.

Na karanta mata sau uku. Ba ta yi kuka ba a na farko, ba ta yi a na biyu ba. A na uku ta juya lambar a tafin hannunta ta ce, “Ashe ni marainiya ce. Rakiya, ashe marainiya ce ni, ba yasasshiya ba.” Sai ta ce in kawo mata ruwan alwala. Na ji ta da kunnena tana cewa, “Allah ya jiƙan Babana Lawali.” Shekarata hamsin da shida ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Ba za a je gada ba, ta sa an zura wa lambar zare ta rataya.

Ta ce ba a yi wa ubanta zaman makoki ba, don haka za ta yi. Ranar Juma'a bayan la'asar, a nan gidan, za ta zauna a karɓi gaisuwa. Ta ce ka zo, ka tsaya a gaban mutanen da suka tafa maka, ka faɗi abin da ka rubuto, har da igiyar, har da taku ashirin ɗin. Bayan nan ka durƙusa ka yi mata ta'aziyya kamar kowa. Ta ce ta yafe wa Ɗanjuma, don ya ɗauki kayan ubanta shekara uku. Kai kuma ta ce sai ta ga fuskarka.

Ni dai ban yafe ba. Shekara ashirin da bakwai uwata ta yi tana fushi da kabari, maganin yana aljihunka. Amma makokin ba nawa ba ne.

Hawa na biyar ne, ƙofar hagu. Ta ce tana jin za ta kai Juma'a. Kada ka ce sai gobe.

Rakiya